Wai yarinyar da na zana ba ta yi kama da Bahaushiya ba

Habu Mai Zane:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau da ƙorafi na shigo, ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Waɗanda suka san ni sun san zane ne abincina. Shekara tara ke nan ina yi a nan Legas: bangon littafi, hotunan cikin littattafan yara, tambarin shago, har katin biki idan aljihu ya yi sanyi. Wata biyu da suka wuce wani kamfanin ɗab'i ya ba ni aikin littafin yara mai shafi 32. Labarin wata yarinya ce Bahaushiya da akuyarta ta ɓata, ta fita cigiya. Marubuciyar ba ta faɗi sunan gari ba, ni kuma na ajiye yarinyar a unguwar Agege don nan na sani. Na zana ta da hijabin Islamiyya ruwan toka da silifas na roba, tana tsallaka titin jirgi, bayanta danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, gefe guda mai shayi ya ɗaga kofi sama yana fifita ruwan zafi. Jiya edita ta kira ni, ta ce aiki ya yi kyau, amma wai yarinyar ba ta fito a Bahaushiya ba. Na ce me ya rage? Ta ce a sa raƙumi, a sa bukkoki da rairayi, baban yarinyar kuma ya naɗa rawani. Na ce ranki ya daɗe, ni Bahaushe ne gaba da baya, kuma sai da na shekara goma sha ɗaya kafin na ga raƙumi ido da ido, shi ma a hanyar zuwa bikin 'yar'uwar babanmu a Katsina. Sun ba ni mako guda. Kafin alƙalami kawai na karɓa, kashi 40, ragowar sai sun amince. Me kuka gani?

Ɗan Mile 12:
Wa alaikumus salam. Habu, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Zana musu raƙumin, ka ƙara musu da jaki gyara. Mai gidan hayarku ba ya karɓar zane a madadin kuɗi.

Maman Ikram:
Haba Ɗan Mile 12, komai kai sai ciniki? Habu ƙanena, ni dai kada ka taɓa zanen nan. Shekara goma sha huɗu ina koyarwa a firamare a Idi-Araba. Yaran ajina yawancinsu nan aka haife su, suna jin Hausa, suna jin Yarbanci, suna jin burokin. Idan na buɗe musu littafi, Bahaushen da ke ciki iri biyu ne: ko dai yana bin shanu da sanda, ko kuma maigadi ne a bakin get da rediyo da buta. Akwai ranar da wata yarinya ta tambaye ni, Malama, mu ma Hausawa ne irin na littafi? Wallahi sai da na yi shiru na ɗan lokaci. Yarinyar da ka zana da hijabin Islamiyya ita ce ke zaune a bencin gaba a ajina.

Baba Zango:
Ku gaya wa wannan editar ta zo Agege in zagaya da ita. Mahaifina fataucin goro ne ya kawo shi Ikko, wato Legas, a nan ya yi aure, a nan aka haife ni, a nan na aurar da jikoki. Tun da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a 1912 huhun goro ke tafiya Arewa daga nan, shanu na gangarowa. Muna da Sarkin Hausawa, muna da zango, muna da maƙabarta cike da iyayenmu. In duk wannan bai isa a kira mu Hausawa ba sai mun jawo raƙumi, to a nuna mini inda za mu ɗaure shi a Agege.

Ɗan Mile 12:
Baba, a ɗaure shi a ƙarƙashin gadar Pen Cinema, 'yan agbero, wato 'yan tasha, su karɓi kuɗin fakin.

Baba Zango:
Kai yaro, Allah ya shirye ka.

Malam Auwalu:
Ni ba maganar raƙumi ce ta dame ni ba. Malam Habu, don Allah kada ka ji haushi, nasiha ce. Raƙumin da yarinyar da akuyar duk masu rai ne. Hadisan da suka yi gargaɗi ga masu suranta abu mai rai suna cikin Bukhari da Muslim, ba ɓoyayyu ba ne. Wani mai wannan sana'a ya je wurin Ibn Abbas ya tambaye shi, ya ce masa in dai dole sai ya yi, to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Allah ya ba ka hannu, me zai hana ka juya shi ga zayyana, gine-gine, furanni?

Habu Mai Zane:
Malam Auwalu, ban ji haushi ba, na gode. Wannan maganar ta hana ni barci tun kafin in fara cin abinci da zane. Hasali ma zayyana ce farkon abin da na koya. Kakana na wajen uwa alaramma ne, shi ke yi wa almajirai zayyanar allo idan za su yi sauka. Ina ɗan shekara bakwai nake riƙe masa kwalaben tawada, yana jan layi da alƙalamin kara ba tare da ma'auni ba, layin ya fita sak. Har yau idan zan tsara shafi, yadda yake raba allo gida-gida nake tunawa. Kuma na yi kusan shekara biyu ba na zana fuska sam, sai in bar wurin fili. Daga baya na zauna da malamina na faɗa masa irin aikin da nake yi, ya yi mini bayani, na samu natsuwa a kan littattafan koyar da yara. Akwai ayyukan da har yau ba na karɓa, ko nawa ne.

Malam Tijjani Obalende:
In sa baki kaɗan. Abin da Malam Auwalu ya kawo gaskiya ne, kuma malamai da yawa a kansa suke. Amma a san cewa mas'alar akwai saɓani. Malaman Malikiyya sun bambance tsakanin mutum-mutumi mai inuwa, cikakken halitta, wanda suka haramta, da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko tufa, wanda ba su kai shi matsayin haram ba, sun tsaya a karhanci ko barin abin da ya fi. Sannan ga hadisin 'yar tsanar Nana A'isha da malamai suka kafa hujja da shi wajen sassauta wa kayan yara. Kowa ya koma ga malamin da ya amince da iliminsa, kada a kafirta juna a waya.

Malam Auwalu:
Ban kafirta kowa ba, Malam. Na dai faɗi abin da na ga ya fi tsira. Allah ya sa mu dace.

Shugabar Zaure:
Amin. Malamai mun gode, an faɗi ɓangarori biyu, a tsaya nan. Wancan karon da aka ɗauko irin wannan sai da mutum uku suka fita. A koma kan raƙumi.

Zee Yabatech:
Yaya Habu, ni tambayata daban ce. Ina shekarar farko a sashen zane, kuma ni kaɗai ce mai jin Hausa a ajinmu. Duk abin da na zana sai ya fito kamar na kwaikwayo daga shafin hotuna na Pinterest, ido manya, hanci ɗan tsito. Kai ta yaya mutanenka suke fitowa kamar na san su? Wannan mai shayin da ka sa a Instagram wallahi kamar na taɓa sayen indomi a wurinsa.

Habu Mai Zane:
Zee, mai yiwuwa kin saya, don mutum ne na gaske, yana nan kusa da tasha, sai dai na canza masa fuska. Ba ni da wani sirri sai ƙaramin littafi da biro a aljihun riga. Idan na shiga danfo daga Agege zuwa Oshodi, gosulo kaɗai ya ishe ni cika shafi uku. Kuma ba fuska nake fara kallo ba, hannu nake kallo. Duba yadda kwandasta ke naɗe kuɗi a tsakanin yatsu, kowace takarda da gurbinta. Duba mai yankan farce, almakashin nan da yake kaɗawa yana tafiya, ba ya ko kallonsa. Mai ruwa idan zai tura kura a hawa, ba da hannu yake turawa ba, da ƙirji da cinya ne, ƙafar baya a miƙe. Mai gyaran takalmi yana buga akwatinsa da ɗan ƙarfe, kafaɗarsa guda ta fi guda sauka saboda shekarun rataya. In kika kama waɗannan, ko ba ki sa fuska ba za a gane mutumin.

Launi kuma daga ɗakin kakata na samo shi. Jeren kwalla da tasoshi ne tun daga ƙasa har rufi, ja da kore da ruwan ɗorawa, furanni a kan farin fenti. Sai babbar rigar babanmu ta Sallah mai aska takwas. Na yi shekaru ina kallon aikin nan kafin in gane cewa ba daidai-wa-daida yake ba: nauyin aikin yana gefen hagu wajen aljihu, tambari yana ɗaya gefen, amma ido ba ya jin an karkace. Yawancin bangon littattafan da na yi haka na tsara su, babu wanda ya taɓa lura.

Na Legas kuma mutum biyu ne suka buɗe mini ido. Lemi Ghariokwu, wanda ya yi wa Fela bangon faifai 26 tun daga 1974, a Agege aka haife shi. Ranar da na ji haka na ce ashe daga unguwarmu ma ana iya fita. Shi ya koya mini cewa cunkoso ba aibi ba ne a zane, in dai kowane mutum a cikin taron yana da abin da yake yi. Na biyun marigayi Yusuf Grillo na makarantarku, Kwalejin Fasaha ta Yaba (Yabatech). Je ki tsaya gaban aikinsa ki ga abin da mutum zai iya yi da shuɗi kaɗai.

Zee Yabatech:
An yi mana darasin su Grillo! Su ne ɗaliban da suka kafa ƙungiyar zane a Zariya a 1958, shi da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko. Malaminmu ya ce abin da suka yi wa tawaye shi ne a koya musu zane irin na Ingila kawai, suka ce sai sun haɗa da na gida. Abin da ya ba ni haushi, a Zariya aka yi abin, a tsakiyar ƙasar Hausa, amma sunayen da ake kira ba namu. Ga masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina, ga zanen bangon gidaje, ga dagi, duk suna nan a bakin ƙofa.

Maman Ikram:
Ai mu ne muke kashe abin tun a gida, Zee. Yaro ya zana mota a bayan littafi a zane shi da bulala. Ni ma na yi wa Ikram faɗa a kan haka, Allah ya yafe mini.

Lawal Mai'adua:
Jama'a ku tsaya. Ina karanta ku tun ɗazu, kuma akwai abin da bai yi mini daɗi ba. Kuna maganar raƙumi da bukka kamar abin kunya. Ni ɗan ci-rani ne, wata bakwai nake yi a Alaba Rago in koma gida. A kasuwarmu ta Mai'adua ana sayar da raƙuma, haka Maigatari, haka Illela. Mahaifiyata har yau a ɗakin ƙasa take kwana, kuma ta fi son sa da na bulo saboda sanyi. Editar nan ba ƙarya ta yi ba. Ku 'yan Legas kada ku goge mu daga hoton don ku nuna kun waye. 'Ya'yana su ma suna da haƙƙin ganin kansu a littafi.

Baba Zango:
Lawal ya yi gaskiya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Habu Mai Zane:
Malam Lawal, ka taɓa ni inda ya dace, kuma in akwai raini a maganata na janye. Ba raƙumin nake ƙi ba. Da marubuciyar ta ce yarinyar 'yar Mai'adua ce, da na nemi kuɗin mota na je na zauna mako guda a kasuwarku, in ga yadda raƙumi ke durƙusawa, gwiwar gaba ce ke fara sauka ko ta baya, in ga irin ragamar da ake sa masa, in ga kalar ƙasarku da hantsi. Abin da nake ƙi shi ne raƙumin da editar ke nufi, wanda ba na Mai'adua ba ne, ba na ko'ina ba ne. Alama ce kawai da ake mannawa don mai saye a Lekki, unguwar masu kuɗi, ya gane cewa an zo Arewa. In na zana shi daga ka, kai ne za ka fara cewa wannan ba raƙumi ba ne, doki ne mai ƙusumbi.

Lawal Mai'adua:
Ta gaba ce ke fara sauka. In zai tashi kuma baya yake fara ɗagawa, shi ya sa baƙo ke kifawa ta gaba. To na fahimce ka. Amma ka yi mana namu littafin wata rana.

Kwamared Sabo:
Duk kuna ta falsafa, ba ku san zamanin da muke ciki ba. Habu, ka ƙi, su buɗe ChatGPT ko Midjourney, manhajojin da ke ƙirƙiro hoto daga rubutu, su rubuta layi biyu, cikin minti ɗaya raƙuma goma sun fito, ba kafin alƙalami ba bayan alƙalami. Kai kuma ka zauna da mutuncinka da bashin data. Na san masu zane biyu da suka koma sayar da kayan waya a Computer Village.

Habu Mai Zane:
Kwamared, ba ƙarya ka yi ba, ƙananan ayyuka irin fosta da katin biki sun ragu sosai a wurina. Ga mai ya yi tsada tun cire tallafi a 2023, ba na kunna inji don cajin allon zane sai ya zama dole. Amma na gwada na'urar nan da kaina. Na ce ta ba ni dattijo Bahaushe da babbar riga. Ta ba ni mutum da rawanin Buzaye, riga irin ta Larabawa, aikin wuyan kuma wani cakuɗaɗɗen zare da ba aska ba, ba tambari ba, ba komai ba. Bayansa? Raƙumi da rairayi. Na yi dariya har na gaji. Ita da editata makaranta ɗaya suka yi, daga hotunan da aka riga aka tara suka koya. In ni ma na ƙara wani raƙumin ƙarya a kan tulin, gobe shi za ta haɗiya ta amayo wa wani. Sannan ka ce mata ta zana yarinya ɗaya a shafi 32, fuska ɗaya, hijabi ɗaya, tabo ɗaya a silifas, ka ga yadda za ku kwashe.

Barista Hadiza:
Ni abin da zan tambaya, Habu, akwai takarda tsakaninku? Sau nawa aka yarda za su sa ka gyara kafin su ƙara kuɗi? Kuma zanen, sayar musu ka yi gaba ɗaya ko izinin bugawa ka ba su? Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ce miƙa haƙƙi ga wani sai a rubuce. In babu rubutu, kada wani ya ce maka zanen ya zama nasu don sun ba ka kashi 40.

Habu Mai Zane:
Anti Barista, akwai takarda, amma kunya ta hana ni faɗa: ba a rubuta adadin gyara ba. Na sa hannu ina murna.

Barista Hadiza:
Turo mini ita ta akwati in duba. Nan gaba gyara biyu, na uku da kuɗinsa. Ka rubuta wannan a bangon ɗakinka da irin kyakkyawan rubutun naka.

Ɗan Shomolu:
Ni ma'aikacin maɗaba'a ne, raƙumi ko danfo duk ɗaya ne a wurin injinmu. Abin da zan roƙe ka, Habu, wannan karon ka juya fayil ɗin zuwa CMYK, wato tsarin launi huɗu da injin ɗab'i ke bugawa da shi, da kanka kafin ka miƙa, a ingancin hoto na 300 dpi, ka bar rarar milimita uku a gefe don yanka. Shuɗin nan naka mai haske da kake so, a fuskar kwamfuta ne kawai yake haka, a takarda dusashewa yake yi ya koma kamar tsohon rini. Sai a zo ana zaginmu mun ɓata aiki. Rawayar danfo kuwa ba ta da matsala, tana fita tas. Ka nemi a buga maka gwajin shafi ɗaya a kan ainihin takardar da za a yi amfani da ita.

Ɗan Mile 12:
To tunda an ƙi shawarata ta farko, ga ta biyu kyauta. Kuna ta neman inda za a ɗaure raƙumi a Legas, alhali kullum da asuba raƙuma na shigowa kasuwar Mile 12. A bayan motocin kaya suke. Duk motar da ta ɗauko tumatir ko albasa daga Arewa, duba ƙyauren bayanta: wata zaki, wata dawisu, wata masallaci da dabino, wata doki da mahayi. Yanzu haka akwai wata da ke sauke mana albasa daga Aliero, raƙumi ne a bayanta ƙato, an yi masa gashin ido kamar amarya, a ƙasa an rubuta Haƙuri Maganin Duniya. Sa yarinyar ta bi akuyarta har bayan motar. Ai akuya wurin ganyen albasa za ta nufa dama. Edita ta samu raƙuminta, Baba ya samu Agegensa, Lawal ya samu gaisuwa daga gida.

Maman Ikram:
Ikon Allah. Ashe akwai kai a ƙarƙashin hular nan.

Habu Mai Zane:
Ɗan Mile 12, wallahi na miƙe tsaye da na karanta. Shafi na 18 da 19 dama fili ne da ban san abin da zan sa ba, nan ne yarinyar ke fid da rai. Ta ɗaga kai ta ga raƙumi a bayan mota, dabbar da kakarta ke ba ta labari ba ta taɓa gani ba, ga akuyar a ƙarƙashin motar tana cin ganye. Kuma masu fentin motocin nan su ma abokan sana'ata ne, ban taɓa sa aikinsu a littafi ba. Rawani dai ba zan naɗa wa baban ba, ɗan kasuwa ne ba hakimi ba, hula zanna zai sa. Ban san ko editar za ta yarda ba. In ta ƙi, Anti Barista, sai ki ji ni. Motar tana nan har yaushe?

Ɗan Mile 12:
Jibi za ta juya. Ka zo gobe kafin ƙarfe bakwai, kafin 'yan dako su rufe wurin. Ka sa takalmin roba, an yi ruwa jiya, caɓi har idon sawu. Kuma direban ba ya son a ɗauki motarsa hoto, sai ka fara gaishe shi da goro.

Zee Yabatech:
Yaya Habu, zan iya biyo ka? Ba ni da lacca sai sha biyu.

Habu Mai Zane:
Ki tambayi Mama tukuna. In ta yarda, ki zo da biro, ban da fensir da abin gogewa. Mu haɗu a tashar BRT ta Mile 12 ƙarfe shida da rabi.